Dillalin da Ya Tsaya wa Minista

Ni dillalin shanu ne a kasuwar Dakoro, ubana ma sana'arshi ke nan. Lakwal, wato makarantar boko, ban yi ta ba sai abin da ba a rasa ba. An kai ni na gudo, an sake kai ni na sake gudowa, tsohona ya ce a ƙyale ni in bi shi kara, wato kasuwar shanu. Rubutun nan da ƙyar nake jan shi, wanda ya ga karkata ya yi haƙuri. Ba zan kama sunan kowa ba. Mutanen garinmu sun san wanda nake nufi, na nesa kuma sunan ba zai ƙara masu komai ba.

Wanda bai san aikinmu ba yana zaton dillali mai surutu ne kawai da ke shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa ya ci la'ada. Akwai wannan, amma ba shi ne aikin ba. Bafulatani ya taso daga daji da bijiminshi, mai saye bai san shi ba, bai san rugarsu ba. Wa ya san ko bisar, wato dabbar, ta sata ce? Wa ya san ko tana ɗauke da ciwon da ba ya fitowa sai an kai ta gida? Dillali ne ke riƙe igiya, ya duba shaidar kunne, ya ce, "Na tsaya." In ya faɗi haka magana ta ƙare. Gobe in abu ya ɓaci ba a bin mai daji, ƙofar dillali ake bugawa. Shi zai nemo mutumen, in bai samo shi ba ya gyara ɓarnar da kanshi. Ta ɗaya gefen ma haka ne, in wanda na kawo ya cuci baƙona, ni baƙona zai riƙe.

Kowane dillali da baƙinshi, kuma gadon su ake kamar gona. Nawa dangin wani Ardo ne da ke shayarwa a wata tsohuwar rijiya arewa da Tarka. Uban Ardon a gidan kakana yake sauka, shi Ardon a gidan ubana, ni na tashi na tarar da su. Duk ranar kasuwa suna wurina, in sayar masu, in raka su sayen gero da kanwa da atamfa, in hana a cuce su. Da su na yi aure, da su nake ciyar da gida. Ba ni da gona mai kirki, ba ni da kanti. Su ke nan gare ni.

Shi kuwa mutumen da zan ba da labarinshi ɗan maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Na ɗan girme shi, Yaya yake ce mani. Shi ya zauna lakwal har ya zama mushe, wato malamin makaranta, ya koyar da yara a Korahane, daga baya aka maida shi Birnin Lalle. Mushe muke ce mashi, kowa da kowa. Yana da wani tsohon babur da ba ya tashi sai an tura, in wata ya yi nisa a gidana yake cin tuwo. Ba gori nake ba, haka maƙwabtaka take.

Wata safiya ya same ni ina daka kanwa a ƙofar gida, ya tsuguna ya ce, "Yaya, zan tsaya depite, ɗan majalisa."

Na ce, "Da wane babur?"

Ya yi dariya ya ce, "Bar batun babur. Cikin gari masu hali sun riga sun raba shi. Daji ne ba mai zuwa. Ka kai ni wurin baƙinka."

Na ce, "Me za ka ce masu? Mutanen nan ba su cin alkawari."

Ya ce, "Ba abin da zan ce. Saurare zan yi."

Wannan amsa ta yi mani daɗi. Ya samo aron wata mota kat-kat da ta sha duniya, muka kama hanya. Mun iske su da hantsi a bakin rijiya, ana cikin shayarwa. Rijiyar tana da zurfi ƙwarai, takarkari ke jan igiya ya yi ta tafiya har ya zama ƙarami a ido kafin wasaki, gugan fata, ya fito. Kowace gwafar jan igiya da ke bakin rijiyar da gidan da ke da ita, ba mai taɓa ta wani, ba kuma a hana baƙo ruwa. Ardo na zaune gindin aduwa, ya hango mu ya kira ni yadda Fulani ke kiran Bahaushe, ya ce, "Kaɗo, yau kai ne a daji? Gari ya ƙone ne?"

Na ce, "Baffa, baƙo na kawo maka."

Ya dubi Mushe sama da ƙasa, takalminshi ya cika da kashin shanu, ya ce, "Wannan naka ya san gaban saniya da bayanta kuwa?"

Mushe ya ce, "Baffa, bayan na fara sani, ga shi a ƙafata."

Aka fashe da dariya. Ya iya da mutane, ba zan hana mashi wannan ba. Aka kawo nono ya sha har ya lashe baki, ya zauna ƙasa ya ƙi tabarma. Ya saurara kamar yadda ya ce. Ardo abu ɗaya ya roƙa. A lokacin wasu masu dukiya sun fara zuwa da motoci suna auna daji, a wasu wurare har sun kewaye makiyaya da waya sun zuba shanunsu. Ardo ya ce, "Ba mu son buhu, ba mu son riga. Ciyawar da ke kewaye da rijiyar nan a bar mamu ita a buɗe yadda muka tarar. In aka kewaye ta, ruwan me zai yi mamu? Mu sha mu tsaya muna kallon waya?"

Mushe ya miƙe ya ce muddin yana majalisa ba wanda zai kafa ƙarfe ko ɗaya a dajin nan. Ya faɗa da Hausa, ya sa aka maida da Fillanci don mata su ji. Ardo bai ko kalle shi ba. Ni ya juyo ya kalla.

Ya ce, "Kaɗo, bakinshi da daɗi, na ji. Amma ni ban san shi ba, ban san ubanshi ba. Kai ka kawo shi. Ka tsaya?"

To me zan duba? Na san uwarshi, na san ubanshi, a gabana ya yi rarrafe. Bai taɓa ɗaukar na wani ba, bai taɓa yi mani ƙarya ba. Bisar da na sani rabin haka ma ina tsaya mata. Na ce, "Na tsaya, Baffa."

Mushe ya ce, "Yaya, ka sayar da ni ke nan?"

Ardo ya ce, "An saye."

Aka sake dariya, har da shi. Wannan dariya tashi ita ke ci mani rai har yau, don ba baƙon abin ba ne. A bayan katangarmu ya tashi. Ya sha ganin mutane sun bugo ƙofar ubana a kan saniyar da ta fito da ciwo, ya ga ranar da tsoho ya kwance bijimin gidanmu ya bayar don cika maganar da ya yi wa wani. Ya san abin da na ɗora a wuyana a gindin aduwar nan. Ya sani sarai.

Ranar zaɓe sun fito. Ardo ya aika rijiyoyin da ke kusa da na nesa cewa mutumen yana da mai tsaya mashi. Mata bisa jakuna, tsofaffi bisa raƙuma, mutanen da ba su taɓa dangwala yatsa ba suka yi layi a rana suka bar shayarwa. Mushe ya ci. Masu halin gari suka yi ta mamakin inda ƙuri'ar ta fito.

Zan faɗi gaskiya, farkon abin ya yi kirki. Shekarar da damina ta yanke, shi ya tsaya aka kai motocin dusa har arewa, ba a tsaya cikin gari aka rabe ba kamar yadda aka saba. Ya sa aka gina wurin allurar shanu kusa da baƙina. In ya zo gari da ƙafa yake shigowa kara, ya dafa kafaɗata gaban jama'a. Ni kuwa a lokacin ƙasa ba ta ɗaukata. Wasu Fulanin da ba baƙina ba ma suka fara kawo mani igiyarsu, wai dillalin da depite ke ce wa Yaya.

Da zaɓe na biyu ya matso sai ya sauya jam'iyya. Ya ce waccan ta kauce hanya. Muka bi shi. Ba a jima ba ya ce wannan ma ta kauce, ya koma wata da ke tare da masu mulki. Muka bi shi. Matata tana da atamfa kala uku duk da fuskarshi, ta ce in ya ƙara sauyawa sai dai ya haɗo da akwati. Ardo ya tambaye ni me ke faruwa, na ce mutumen dai shi ne, riga ce yake canjawa. Ya ce to.

Sai muka ji a rediyo an ba shi minista. Garin nan ya yi kamar zai tsage. Ya zo da jerin motoci da jiniya, aka yanka abin da aka yanka. Gidansu na ƙasa aka rushe aka tada bene, aka sa ƙofar ƙarfe da gardi. Na kutsa cikin taro na ce, "Mushe, barka!" Wani saurayi mai kwat ya tare ni ya ce, "Malam, Ekselansi ake cewa." Mushe ya ce, "Bar shi, yayana ne." Zuwa na gaba saurayin ya sake tare ni, Mushe yana kallo, ya wuce abinshi.

Ban damu ba. Na ce girma ne, girma da nauyinshi yake zuwa.

A cikin wannan lokaci ya fara sayen shanu. Ƙanen matarshi yake aikowa, wani mai tsini a baki da ba ya cire tabarau. Karsana suke so, ja, masu kyan asali, kuma da yawa. Wa za a nema in ba ni ba? Na zage na zaɓa mashi kamar ni zan riƙe. Mafi yawa daga hannun mutanen Ardo na samo, suka sassauta don an ce na mutumenmu ne. Ardo da kanshi ya fitar da karsana daga wani jinin shanu da ya gada, irin da ko ɗanshi ya taɓa sai an yi faɗa. Ya ce, "Kai mashi, ya ga yadda saniya take." Na tambayi mai tabarau ina za a ajiye wannan garke haka, ya ce, "Akwai wuri." Ban ƙara tambaya ba.

Bayan damina wani baƙona ya zo kasuwa da murna ya ce manyan motoci sun iso kusa da rijiya suna haƙar foraj, wato rijiyar burtsatse. Muka ce Allah ya saka wa minista, ya ga wahalar jan igiya. Ardo ya yanka wa ma'aikatan rago, mata suka riƙa kai masu nono kyauta. Ruwa ya fito, aka kafa tanki, aka jera faranti masu ɗaukar hasken rana. Sannan wasu motocin suka zo da ƙarafa. Da yaran Ardo suka tambaya aka ce don kare injin ne. Ƙarafan suka wuce injin, suka yi ta tafiya gabas, suka karya arewa, suka haɗiye kwarin da ciyawa ke kai bazara a cikinshi, suka dawo. Aka ja waya. Tsohuwar rijiya aka bar ta a waje da wani fili da shanu suka riga suka tattake ya zama rairayi. A cikin wayar kuwa jajayen karsanan nan ne ke kiwo, da shaidar gidan Ardo a kunnuwansu.

Ardo ya zo gidana ba ranar kasuwa ba. Na shimfiɗa tabarma bai zauna ba, aka kawo ruwa bai karɓa ba. Yana tsaye ya jingina da sandarshi ya ce, "Abin da ka sayar mamu ya fito da ciwo."

Na ce, "Baffa, na ji. Ban sani ba wallahi."

Ya ce, "Ban ce ka sani ba. Ubanka ma ba ya sanin abin da ke cikin saniya. Je ka nemo mai shi. Ciyawar waje za ta kai mu ƙarshen sanyi. Kafin ta ƙare a buɗe."

Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da ya fi mani sauƙi.

Na yi ta kiran waya, ba a ɗauka. Na bar kasuwa na hau mota zuwa Maradi, daga nan Yamai, garin da ban taɓa zuwa ba. Na samu ma'aikatar tashi, na zauna a benci wurin gardi. Yau a ce yana taro, gobe a ce ya yi tafiya, jibi a ce in rubuto abin da ke tafe da ni. Na ce abin da ke tafe da ni ba na takarda ba ne, ku ce mashi yayanshi ne na Dakoro. Wata mai ɗan kwali ta ce, "Baba, duk wanda ka gani a bencin nan yayanshi ne." Na ga motarshi ta fita da baƙin gilashi, na ɗaga hannu kamar mai tsaida taksi. Guzurina ya ƙare na dawo.

Mutuwa ce ta kawo mani shi. Gwaggonshi ta rasu, ya zo gaisuwa. Wurin makoki ba gardin da zai hana maƙwabci shiga. Bayan an shafa addu'a ya tashi ya shiga ciki, na bi shi har ɗakin da ya zauna cin abinci, mai tabarau na gefe.

Ya ce, "A'a, Yaya! An ce ka je Yamai. Don me ba ka sa an gaya mani ba?"

Na ce, "Mushe, wayar nan ta wa ce?"

Ya ajiye cokali. Ya ce ba tashi ba ce shi kaɗai, da abokan haɗin gwiwa. Ya ce takardu sun cika, an bi doka, kiwon zamani ne, ƙasa ba za ta ci gaba da yawon shanu ba. Ya ce za a ɗauki ƴaƴan Fulanin aiki. Ya yi ta zuba Faransanci a tsakiyar magana, ya san ba ji nake ba.

Na ce, "Ni duk wannan ban san shi ba. Ka ce ba za a kafa ƙarfe ba. An tambaye ni na tsaya. Yanzu an bugo ƙofata."

Mai tabarau ya yi dariya ya ce, "Yo minista sa ne da za a tsaya mashi?"

Na ce, "Kai rufe mani baki, lokacin da ake maganar kana tallan goro a tasha."

Mushe ya ɗaga hannu ya ce, "Yaya, maganar neman ƙuri'a ce. Kowa ya san yadda take. Ni ban ce ka ɗauki rantsuwa ba."

Na ce, "Kana wurin. Ka ce na sayar da kai, aka ce an saye, ka yi dariya."

Ya ce, "To wasa ne ai."

Na ce, "Wasa? Ranar da ubana ya kwance bijiminmu kana bisa katanga kana kallo, wasa ka gani?"

Ya ture kwanon gefe. Na ɗauka maganar ta shige shi. Sai ya matso ya sassauta murya ya ce, "Bari in gaya maka. Gonar nan za ta riƙa saye da sayarwa duk shekara. Na ba ka, kai kaɗai ne dillalinta. Abin da za ka samu a wata ɗaya Fulaninka ba za su kawo maka shi a shekara ba. Ka huta da kwanan baƙi a zaure."

Wallahi ji na yi kamar ya watsa mani miyar da ke gabanshi. Wato in tsaya a kara ina riƙe da igiyar shanun da ke cin ciyawar baƙina, baƙin na wucewa suna kallona. Na ce, "Ban zo neman aiki ba. Ina da aiki, kai ke kashe shi. Buɗe masu kwarin, ko gefe ɗaya ne, ko bazara kaɗai."

Ya ce zai duba. Ya ce zai sa a yi ƙofa ta yamma a riƙa buɗewa in rani ya tsananta. Ya ce in gaya wa Baffa yana gaishe shi. Ya ɗauki cokali.

Ban kai wa Ardo maganar ƙofar ba. Na aika mashi cewa na ga mutumen, ga abin da ya ce, amma wannan karon ban tsaya ba. Gara da na yi haka, don ƙofar har yau ba a yi ta ba.

Bazarar ta zo da zafi. Ciyawar waje ta ƙare, shanu suka koma kiwo can bayan wayar, sai sun kewaye ta kafin su zo ruwa, su sake kewaye ta su koma. Masu ƙarfi suka rame, tsofaffi da masu ciki suka fara faɗuwa a hanya. A jikin wayar suke faɗuwa, hancinsu na shaƙar ciyawar da ke tsaye a ciki. Waɗanda aka kawo mani kasuwa sai an ɗaga su da itace. Mahauta na zagaye su suna taya abin kunya, ni kuma ina tsaye da igiya.

Babban ɗan Ardo, magidanci mai ƴaƴa, ya gaji. Da rana tsaka ya sa gatari ya sare wayar ya kora garkensu ciki. Bai gudu ba, ya zauna yana kallon su suna ci. Jandarma suka zo suka kawo shi Dakoro. Da na ji na saki abin da nake na tafi biron su, wato ofishinsu. Na tarar da Ardo da wasu dattawa a tsakar gida, da dillalai ƴan uwana da suka zo kallo. Babban jandarman mutum ne mai sauƙi, ya ce zai saki ɗan Ardo ya koma wurin shanunshi kafin a yi shari'a, in akwai ɗan gari sananne da zai tsaya mashi.

Na matsa na ce, "Ni ne maigidansu. Na tsaya."

Ɗan Ardo yana zaune a ƙasa, ya ɗago ya ce, "Kar ya tsaya mani."

Jandarman ya ce, "Me ka ce?"

Ya ce, "In shi ne, a maida ni ciki."

Na dubi Ardo, ya dubi ƙasa. Wani dillali da muke zaman doya da manja tun muna samari ya gyara hula ya ce, "To ni na tsaya." Aka rubuta sunanshi. Na fito na bi ta bayan kasuwa don kar in haɗu da kowa.

Ranar kasuwar da ta biyo Ardo ya zo da jaki. Akwai ɗaki a zaurenmu da suke ajiya tun zamanin tsoho: igiyoyi, buhunan kanwa, wata tukunyar ƙarfe, bargunan da suke rufa in sun kwana, sirdin raƙumin ubanshi da ya daina amfani amma ba a taɓa ɗauka ba. Ya ce in buɗe. Na buɗe. Na taya shi ɗaurawa, don tsufa ya fara cin ƙarfinshi. Matata ta fito tana kuka ta ce, "Baffa, me ya yi maku? Har Yamai ya je."

Ya ce, "Na sani, ɗiyata. Ba mugu ba ne. Amma in na kawo saniya gobe ya ce ya tsaya, wa zai saya? Ni ma da nake son shi ba zan saya ba."

Ya ɗauki sirdin a ƙarshe, ya kaɗe shi, ya aza. Ya ce mani, "Kaɗo, Allah ya jiƙan ubanka." Ya kora jakinshi ya yi gidan wancan dillalin.

Sauran baƙin ba su yi sallama ba, daina zuwa kawai suka yi.

Shi kuwa Mushe ya ci gaba. Aka sauya mashi ma'aikata, aka sake sauya mashi wata. Da mulki ya juya aka tsare shi na ɗan lokaci, wasu a gari suka ce Allah ya kama shi. Kamun me? Ya fito ya yi ƙiba, ya je Makka, ya dawo dattijon ƙasa. Yanzu in an yi rikicin manoma da makiyaya shi ake kira rediyo ya yi nasiha. Na ji shi da kunnena yana cewa a riƙe amana, na ɗauki rediyon na kifa shi a ƙasa. Wayar tana nan, an ma ƙara mata tsawo. In ya zo gari yakan aiko mani da buhun shinkafa da azumi, in sa a maida, a sake kawowa baɗi. Mutane suna ce mani taurin kai, wai ba a fushi da babba. Su ba su rasa komai ba.

Ardo ya rasu a wata rijiya da ba tasu ba, can gabas, inda sai an gama shayarwa ake ba su guga. Ba a aiko mani ba, a bakin mahauta na ji. Danginshi sun watse, waɗanda suka rage suna zuwa kasuwa, mu haɗu su ce "Kaɗo, ina gajiya," in ce lafiya lau, su wuce.

Har yanzu ina zuwa kara, ba ni da wani wurin zuwa. Awakin matan unguwa nake sayarwa, da tumakin da aka yi kiwo a bayan ɗaki, irin dabbar da kowa ya san mai ita, ba a bukatar wani ya ce komai a kanta. Ɗana babba ya kai shekarun da ya kamata in fara nuna shi ga baƙi, ya san rugarsu su san fuskarshi. Ba wanda zan nuna shi gare shi. Ya samu babur na haya yana kabu-kabu tsakanin tasha da kasuwa, ɗakin zauren kuma a ciki yake ajiye shi.